Kafin a Sake Rufe Makarantar Geza

Ranar 11 ga Mayun 2020 ɗaliban sakandare da 'yan ajin ƙarshe na furamare a Jamhuriyar Benin suka koma aji, bayan sun yi kamar mako shida a gida saboda annobar korona. Ranar 1 ga Yuni takwarorinsu na Jamhuriyar Nijar suka bi sahu. A namu ɓangaren kuwa, a Geza da Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi a Najeriya, makarantun gwamnatin da aka garƙame tun 23 ga Maris suna nan a garƙame har ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari da maimai, gero ya fitar da kai. 'Yan ajin da ke fuskantar jarrabawar fita kaɗai aka buɗe wa ƙofa a watan Agusta. Sauran yara sai da suka share wajen wata shida ba su zauna gaban malami ba.

Cutar dai ɗaya ce. Mutanen ma kusan ɗaya ne: Dandawa da Fulani da Hausawa da Zabarmawa da Busawa da Kyangawa, mazauna gaɓar kogin Neja, masu auratayya da cin kasuwannin juna tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su ja layi a tsakaninsu. Amma gwamnatoci uku suka yanke hukunci iri uku a kan 'ya'yansu. Yanzu da ƙura ta lafa, kuma babu wanda ke neman kare kujerarsa da wannan magana, lokaci ne da ya dace a sake dubanta da idon basira, domin annoba ba ta yi ban kwana da duniya ba.

Ga matsayina tun daga farko. A gari irin Geza, duk wanda ya ce a rufe makaranta shi ne ya kamata ya kawo hujja, ya faɗi cutar da yake gudu, ya nuna cewa a cikin aji take yaɗuwa fiye da a kasuwa, ya kuma faɗi ranar da za a buɗe. A 2020 an juya lamarin. Rufewa ta zama ita ce asali, mai son a buɗe shi aka ɗora wa nauyin tabbatar da cewa babu yaron da zai yi ko da atishawa. Wannan sharaɗi ne da babu makarantar ƙauye a faɗin Arewa da za ta iya cika shi, ko da annoba ko babu.

Ba na ganin laifin rufewar farko. Wanda ya tuna watan Maris na waccan shekara ya san irin fargabar da ake ciki. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da cutar a jikin wani Ba'italiye a Legas. Labaran da ke zuwa daga Italiya na asibitoci ne da suka cika suka batse. Babu magani, babu allurar rigakafi, babu ma wanda ya san yadda cutar ke yi wa yara. A tsakiyar watan nan ne aka yi bikin kamun kifi na Argungu, dubban mutane kafaɗa da kafaɗa, har da Shugaba Muhammadu Buhari. Ba a cika mako biyu ba gwamnonin Arewa maso Yamma suka yi taro a Kaduna suka amince a rufe makarantu na kwana 30. Cikin Afrilu shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa Abba Kyari ya rasu, aka shiga jerin mace-macen dattawa a Kano, waɗanda daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce sun kai 979, kuma ana jin fiye da rabinsu na da alaƙa da korona. Shugaban da ya ga wannan ya ce yara su zauna gida na wata guda, ya yi abin da hankali ya yarda da shi. Rigakafi ya fi magani.

Damuwata tana kan abin da ya biyo bayan kwana 30 ɗin. Zuwa watan Yuni duniya ta riga ta fahimci abu guda mai muhimmanci: korona ta fi yi wa tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini illa, yara ƙanana kuwa da wuya ta kwantar da su. Denmak ta buɗe wa 'yan furamare tun 15 ga Afrilu. Hukumomin UNICEF da UNESCO da Bankin Duniya da Shirin Abinci na Duniya sun fitar da jagorar sake buɗe makarantu tun ƙarshen wannan wata, suna gargaɗin cewa yaron talaka da ya daɗe a gida ba lalle ne ya dawo ba. A nan gida kuma aka fara sassauta komai ɗaya bayan ɗaya. Jihohin Arewa da dama sun yi sallar Idi a fili a watan Mayu. A farkon Yuni kwamitin shugaban ƙasa da Boss Mustapha ke jagoranta ya sassauta dokar wuraren ibada. Ranar 1 ga Yuli aka ɗage haramcin tafiya tsakanin jihohi, tashoshin mota suka cika. Ranar 8 ga Yuli jiragen sama suka dawo zirga-zirga tsakanin Legas da Abuja.

A wannan rana ta 8 ga Yuli ɗin ce ministan ilimi, Malam Adamu Adamu, ya fito daga taron majalisar zartarwa ya sanar da cewa makarantun gwamnatin tarayya ba za su buɗe don jarrabawar WAEC ba, yana mai cewa gara ƙasar ta yi asarar shekarar karatu da a jefa yara cikin haɗari. Jihohin Yarabawa suka ce su a shirye suke 'ya'yansu su zauna jarrabawa. Kwamishinonin ilimi na Arewa suka mara wa minista baya. Kafin wata ya ƙare gwamnati ta sauya shawara, 'yan ajin ƙarshe suka koma ranar 4 ga Agusta, aka fara jarrabawa ranar 17. Ranar 19 ga Satumba aka yi zaɓen gwamna a Edo, da gangamin siyasa da komai, alhali makarantun haɗaka na tarayya ba su buɗe gaba ɗaya ba sai 12 ga Oktoba.

Ban yi shakkar kyakkyawar niyyar ministan ba. Amma a dubi wanda ya yi magana a wannan muhawara da wanda ya yi shiru. Duk hayaniyar a kan WAEC aka yi ta, wato a kan yaron da ya riga ya kai ajin ƙarshe na sakandare, wanda ubansa ya san darajar takarda, ya kuma san yadda ake kai kuka gidan rediyo. Masu makarantun kuɗi suna da ƙungiya, malaman makaranta suna da ƙungiya, 'yan kasuwa da direbobi da limamai duk suna da mai magana da yawunsu. Yarinya 'yar aji uku a furamaren Geza ba ta da kowa a wajen taron. Shi ya sa ajinta ya zama na ƙarshe da aka tuna da shi, alhali ita ce cutar ta fi ragawa, ita ce kuma zaman gida ya fi cutarwa.

A dubi alƙaluma. Har zuwa lokacin da hukumar NCDC ta daina fitar da rahoto a kai a kai, waɗanda aka tabbatar sun kamu da korona a jihar Kebbi ba su kai 500 ba, a Najeriya duka kuma mace-macen da aka ƙirga 3,155 ne. Za a ce gwaji ne ba a yi da yawa ba, kuma gaskiya ne. Abin da ya faru a Kano ya isa shaida cewa ƙidayar ta gaza. Duk da haka, kaburburan yara ba sa ɓoyuwa a ƙauye. Abin da ke cika su kowa ya san shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin kashi 52 cikin ɗari na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar, adadin da ya fi na kowace jiha, lokacin da na Legas bai wuce kashi 2 ba. A 2021 kaɗai amai da gudawa ya kashe mutum fiye da 3,600 a Najeriya, ya zarce duk abin da aka ƙirga wa korona, kuma 'yan shekara 5 zuwa 14 ya fi kamawa. Doka ɗaya aka shimfiɗa wa Ikeja da Bagudo, alhali haɗarin da ke gaban yaran wuraren biyu bai yi kama ba ko kaɗan.

Sannan mece ce ma'anar rufe makaranta a wajen wanda ke bakin iyaka? A Abuja, rufewa na nufin yaro ya koma gaban kwamfuta, malami yana koya masa ta intanet, uwa mai digiri tana duba masa aikin gida. An yi ƙoƙari a jihohin Arewa da dama, da taimakon UNICEF, an sa darussa a rediyo da talabijin, kuma waɗanda suka yi wannan aiki sun cancanci yabo. Sai dai rediyon gida na maigida ne, yana rataye a wuyansa a gona. Yaron da bai gama haɗa baƙi da wasali ba, ba zai koyi karatu daga murya ba, sai an kama hannunsa an nuna masa. Inda iyaye ba su yi boko ba, malamin aji shi ne kaɗai mutumin da zai iya yin wannan a duk unguwar. In an sallame shi, karatun ya tsaya cak.

Kuma yaron ba zaman jira yake yi ba. An rufe makarantu ana tsakiyar noman rani, azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, damina ta biyo baya. Tun watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, shinkafa ta yi daraja, duk wanda ke da fadama a Kebbi yana neman hannu. Ɗan shekara goma yana korar tsuntsu, yana dashe, yana kai abinci gona, ɗan Fulani ya bi shanu, ɗan masunta ya shiga jirgi. Uban da da ƙyar mai unguwa da hedimasta suka shawo kansa ya sa ɗansa a makaranta, sai ga gwamnati da bakinta ta ce masa ya riƙe abinsa. Wata shida ya ga amfanin yaron a gona, bai ga abin da ya rasa ba. Ranar da aka ce a dawo, da wace hujja za a sake tunkararsa? Karatun yaro ƙarami kamar shuka yake. In ruwan fari ya wuce ba a yi ba, ko an yi daga baya ba za ta kamo ta maƙwabci ba.

Na 'ya'ya mata ya fi tsanani. Yarinyar da ke aji shida ko ajin farko na ƙaramar sakandare tana daidai shekarun da ake fara zuwa tambaya. Sau da yawa abin da uwa ke karewa da shi shi ne a bari ta gama makaranta tukuna. Da aka rufe makarantar ba tare da ranar buɗewa ba, an ƙwace wa uwar nan amsarta. Ba zato nake yi ba: Saliyo ta rufe makarantu kusan wata tara a lokacin Ebola, daga 2014 zuwa Afrilun 2015, dubban 'yan mata suka yi ciki a tsakani, da yawa ba su sake komawa aji ba. Wannan darasi yana rubuce tun shekara biyar kafin korona. A watan Yulin 2020 ɗin nan ne ma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin AGILE na karatun 'yan mata a jihohi bakwai, Kebbi na ciki. Da hannu ɗaya ana ciwo bashi don a jawo yarinya makaranta, da ɗaya hannun an riƙe ƙofar a rufe.

Ƙari a kan haka, shekarar ta zo wa Kebbi da wata jarrabawar. A Agusta da Satumba kogin Neja da gulbin Kebbi suka yi ambaliya, suka shanye ɗaruruwan dubban kadada na shinkafa, gidaje suka rushe. Iyalin da ya yi asarar amfanin gona, littafi da kayan makaranta ba su ne gabansa ba. Abincin da ake ba 'yan furamare a inda shirin ciyarwa ke aiki ya tsaya tun ranar da aka rufe, rabon da aka ce za a kai gida-gida kuma a Abuja da Legas da Ogun aka fara shi. Kebbi dama tana sahun gaba a jihohin da yara ba sa zuwa makaranta, a ƙasar da UNICEF ta daɗe tana cewa tana da irin waɗannan yara miliyan goma da rabi. Jihar da ke cikin wannan hali ba ta da rarar wata shida da za ta yi kyauta da shi.

Yanzu bari in saurari ɗaya ɓangaren, don suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Malamin makaranta ya ce: ni ne zan tsaya a gaban yara tamanin a ɗakin da aka gina don arba'in, shekaruna hamsin da biyar, ina da hawan jini, in na kwanta asibitin da zai iya sa mini iskar numfashi yana Birnin Kebbi, wa zai riƙe mini iyali? Likita ya ce: ko cutar ba ta kwantar da yaro ba, zai kwaso ta ya kai wa kakarsa, kuma gidajenmu gidajen gandu ne, kaka da jika ɗaki ɗaya suke kwana. Jami'in ma'aikata ya ce: ga ƙa'idojin da gwamnatin tarayya ta fitar a watan Yuli, tazarar mita biyu, ruwa mai gudana da sabulu, na'urar auna zafin jiki, ɗakin keɓe mara lafiya, nuna mini furamare guda a karkara da ta cika su.

Maganar malami ita ce ta fi nauyi a wurina, kuma amsarta tana hannun gwamnati. Malamin da ya manyanta ko yake da ciwo sai a ɗauke masa shiga aji na ɗan lokaci, albashinsa na tafiya, a cike gurbinsa da matasan garin da suka gama kwalejin ilimi ta Argungu suna zaune ba aiki. Benin, kafin ta buɗe, sai da ta bi malamanta da gwaji, ta wajabta takunkumi, ta kuma jinkirta ƙananan azuzuwan furamare zuwa 10 ga Agusta. Shugaba Patrice Talon ya faɗa wa mutanensa ƙarara cewa ƙasarsu ba ta da arzikin da za ta kulle kowa a gida irin na ƙasashen Turai, sai ya zagaye Kwatano da biranen kudu da shingen lafiya, ya bar arewa irin su Kandi da Segbana da Malanbil suna harkarsu. Ba ina cewa komai nasa daidai ba ne. Abin koyi a ciki shi ne ya bambanta wurin da cutar take da wurin da ba ta kai ba, ya kuma sa rana.

Maganar kai wa kaka cuta kuwa, da ta yi ƙarfi in da a ɗaka yaron yake. Ina yake? Yana kasuwa da farantin talla, yana tasha, yana gidan biki, yana makarantar allo da asuba da dare, yana rijiya cikin cincirindo. Rufe makarantar boko bai rage mutanen da yake cuɗanya da su ba, wurin cuɗanyar kawai ya canja, daga inda akwai babba mai sa ido zuwa inda babu. Mun ma ga abin da ya fi haka muni a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da gwamnonin Arewa suka yi ta kwasar almajirai a manyan motoci suna mayar da su jihohinsu, aka kuma samu da dama cikinsu da cutar bayan sun isa. Koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan annoba ita ce kada a shiga ƙasar da ta ɓulla, wanda ke ciki kuma kada ya fita, kuma a kanta Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham. An saɓa wa wannan a kan almajirai, aka tsananta a kan ɗan furamaren da ke tafiya da ƙafa daga gidansu zuwa bayan gari.

Game da ƙa'idoji, akwai abin da mutane ba su lura da shi ba. Takardar ma'aikatar ilimi ta Yulin 2020 ta ba da zaɓin karatu a fili, da raba yara kashi biyu, na safe da na yamma, ko na yau da na gobe. Cutar da ke bin iska ta fi ƙarfi a rufaffen ɗaki. Abin da ƙauye ya fi birni da shi kuwa shi ne fili da inuwar bishiya. Kafin ruwa ya sauka, da bayan ya ɗauke, da ma safiyar da babu hadari, babu abin da ya hana a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya a jingina allo. Kakanninmu haka suka yi karatu. Bokiti mai famfo da sabulu ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. In kuma makaranta ba ta da rijiya ko makewayi, wannan laifi ne da ya girmi korona, kuma annoba dalili ce ta gyara shi cikin gaggawa. Sai aka mayar da shi dalilin barin yara a gida.

Kada a fahimce ni da cewa ko wace irin cuta ce a bar makaranta a buɗe. Cututtuka ba ɗaya ba ne. Sanƙarau, wanda ya kashe fiye da mutum 11,000 a Arewa a 1996, ya kuma sake ɓulla a Gwandu da Aliero da Jega a farkon 2025, yara da matasa yake kamawa, kuma ɗakin kwana mai cunkoso a lokacin zafi shi ne gidansa. Mashaƙon da ya addabi Kano tun ƙarshen 2022 yaran da ba a yi wa rigakafi ba yake kashewa. In irin waɗannan suka shiga makarantar kwana, a sallami ɗalibai ba tare da jinkiri ba. Amma ko a nan, makarantar jeka-ka-dawo ta gari ita ce wuri mafi sauƙi da ma'aikacin lafiya zai tarar da yara ɗari uku a zaune ya yi musu allura da safe guda, kuma malamin da ke kiran suna kullum shi ne zai fara lura cewa yara biyar daga unguwa ɗaya ba su zo ba. Idan aka watsa su, an kashe idon da ke gano annoba da wuri. A 2014, lokacin Ebola, gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 13 ga Oktoba, da ta ga an shawo kan cutar sai ministan ilimi Malam Ibrahim Shekarau ya dawo da ranar zuwa 22 ga Satumba. An yi ta jayayya da ƙungiyar malamai, amma akwai rana, kuma ranar tana bin halin da cutar ke ciki.

Akwai wani abu da ya shafi bakin iyaka musamman. Dokar rufe iyaka ta tsayar da manyan motoci a Tsamiya da Lolo da Kamba, amma ba ta hana ɗan kabu-kabu bin hanyar daji ba, ba ta hana jirgin ruwa tsallakawa ba, ba ta hana zuwa jana'izar kawu a ƙetare ba. Cutar da ta ɓulla a Segbana za ta riga wadda ta ɓulla a Legas isowa Bagudo. Saboda haka labarin da shugaban sashen lafiya na Bagudo ya fi bukata yana hannun takwaransa na jihar Alibori, wanda ke aiki da Faransanci, kuma takardarsa sai ta je Kwatano, ta je Abuja, ta zo Birnin Kebbi kafin ta iso. Sarakuna da hakiman ɓangarorin biyu sun san juna, suna gaisawa da Dandanci da Fulatanci da Hausa. Hanyar da ake bi a sasanta rikicin manoma da makiyaya, ita ce za ta iya ɗaukar labarin cuta cikin yini guda, in an ba ta wannan aiki a hukumance.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda rufewa ta zame mana jiki. Wata biyu da buɗe makarantu aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, ranar 11 ga Disambar 2020. Sai Kagara, sai Jangebe, sai kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a nan Kebbi ranar 17 ga Yunin 2021, sai Maga a Nuwamban 2025. Wannan haɗari ne na gaske, makarantar ce ma ake hari, kuma babu uban da za a ce wa ya bar 'yarsa a ɗakin kwanan da babu tsaro. Amma kowane karo sanarwar iri ɗaya ce: an rufe har sai abin da hali ya yi. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2019 a wannan yanki, a lissafa makonnin da ya yi a gaban malami cikin shekarunsa shida na furamare. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, yara 'yan shekara goma da ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta sun ƙaru daga kashi 57 zuwa kashi 70 cikin ɗari bayan korona. Yuganda da ta rufe kusan shekara biyu, har zuwa Janairun 2022, ta ga yadda ɗalibai da malamai suka kama wasu sana'o'i. Mu ba mu kai can ba, amma mun taso daga ƙasa fiye da su a wannan yanki.

Abin da nake nema daga majalisar dokokin Kebbi da ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ba ya bukatar jiran wata annoba. A rubuta ƙa'ida tun yanzu, lokacin da hankali ke kwance. Duk umarnin rufe makarantu saboda cuta ya ambaci ƙananan hukumomin da ya shafa da sunansu, kada ya wuce mako biyu ko uku, in za a tsawaita sai an kawo sabon dalili a bainar jama'a. A raba hukuncin makarantar kwana da na jeka-ka-dawo, a raba na furamare da na jami'a. Kada kasuwa da tasha da taron siyasa su riga furamare buɗewa. A kowace ƙaramar hukuma, sakataren ilimi da shugaban sashen lafiya da uban ƙasa da wakilin malamai da wakiliyar iyaye mata su zama su ne masu ba gwamna shawara a kan yankinsu, domin su suka san ko akwai mara lafiya a mazaɓar Matsinkai da Geza ko babu.

Akwai kuma aikin da ya kamata a ce an yi shi tun ƙarshen 2020, wanda har yau bai gagara ba. Kowace furamare tana da rajistar kiran suna. A ɗauko ta zangon da aka rufe, a ɗauko ta zangon da aka buɗe, a jera su, a fitar da sunayen da suka ɓace, maza daban mata daban. Yawancin yaran nan suna nan cikin garuruwansu, mai unguwa ya san gidan kowa. Waɗanda shekarunsu ba su wuce ba a mayar da su aji, waɗanda suka girma ko suka yi aure a buɗe musu ajin yamma na yaƙi da jahilci a makarantar da suka bari. Adadin da aka samu daga Bagudo da Dandi da Suru da sauran ƙananan hukumomi 18 na jihar a buga shi kowa ya gani, a kuma ajiye kwafinsa a ofishin kwamishinan lafiya da na ilimi, ta yadda duk wanda zai sa hannu a takardar rufewa ta gaba zai yi hakan yana sane da yawan yaran da ta baya ta fitar daga makaranta.